Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Hukumar Kula Da Jami'o'i Kan Horon Fage Na Ɗaliban Saikoloji Da Aikin Walwalar Jama'a

Zuwa ga Babban Sakataren Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, Abuja.

Kwafi ga Shugaban Asusun Horar da Ma'aikata na ITF da ke Jos, da Babban Sakataren TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, da shugabannin jami'o'in da ke koyar da waɗannan fannoni biyu.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwar ban-girma da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya, Allah ya ƙara muku basira a kan wannan nauyi da ke wuyanku. Mu da muka rubuto wannan takarda malamai ne masu koyar da ilimin halayyar ɗan'adam, wato saikoloji, da aikin walwalar jama'a a wasu jami'o'in Arewa, tare da jami'an walwala da masana halayya da ke karɓar ɗalibai a asibitoci da kotuna da gidajen gyaran hali. Muna magana ne da yawun ɗaliban da ake turawa horon sanin makamar aiki, da kuma marasa lafiya da iyalan da ake zaunar da waɗannan ɗalibai a gabansu, su da ba su da hanyar rubuto muku.

A watan Disambar 2022 hukumarku ta ƙaddamar da sabon kundin manhaja na CCMAS, inda ta riƙe kashi 70 na darussa, ta bar wa jami'o'i kashi 30. Ɗaliban da suka fara da shi sun kai shekarun fita fage. Ba mu ce babu horon fage a takarda ba, akwai shi, da lambar kwas da maki. Amma duk abin da aka rubuta a kundi, abin da ke faruwa a ƙasa shi ne kowane sashe da nasa mudun. Wani ɗalibi ya yi wata uku a gefen ƙwararre, wani ya yi mako biyu yana jera fayil, a ƙarshe su biyun su fito da digiri iri ɗaya. Kukanmu a kan wannan ne: ana tura ɗalibi da wasiƙa, ba a tura ido ya bi shi.

Ƙasar nan ta yi dokokin da ba za su yi aiki ba sai da waɗannan yara. A Janairun 2023 aka sa hannu a Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958. Gabanin haka kaɗan aka yi dokar 2022 ta kafa majalisar kula da aikin walwalar jama'a. Dokar gidajen gyaran hali ta 2019 ta buɗe ƙofar hukuncin da ba na ɗauri ba, irin su aikin al'umma da sakin mutum bisa sa ido, kuma sa idon nan mutum ne zai yi shi, mutumin da ya iya shiga unguwa ya rubuta rahoton da alƙali zai dogara da shi. Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba, ga jama'a fiye da miliyan 200. Binciken shaye-shaye na ƙasa na 2018 ya ƙiyasta mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 da suka yi amfani da ƙwaya cikin shekara guda. Kowa kuma ya ga abin da aka tarar a wani gidan horo a Rigasa ta Kaduna a Satumbar 2019, lokacin da 'yan sanda suka fito da ɗaruruwan mutane, wasu da mari a ƙafa. Iyayen da suka kai 'ya'yansu irin waɗannan gidaje ba duka ne mugaye ba, da yawansu sun rasa inda za su je ne. Wanda zai cike wannan giɓi shi ne ɗan aji ukun da ke zaune a lacca yau.

To, abin da zai buƙata ba a samun sa a lacca. Bari mu nuna da misali.

Akwai takardar tambayoyi tara da ake kira PHQ-9, ta gano alamun ciwon damuwa cikin mako biyun da suka wuce. Kowace tambaya maki 0 zuwa 3, jimla 27, kuma daga 10 zuwa sama ake ƙara bincike. A aji, minti goma ya isa a koyar da ita. Yanzu a zaunar da ɗaliba a ɗakin awon masu jego, ga mace da goyo a baya. An tambaye ta ko tana jin baƙin ciki, ta ce lafiya lau, alhamdulillahi. Ɗalibar da ba ta taɓa ganin ƙwararre yana aiki ba za ta rubuta 0 ta wuce. Wadda ta gani ta san mutanenmu ba kasafai suke kawo damuwa da sunanta ba. Sai dai a ce kai na zafi, jiki ba ƙarfi, zuciya na bugawa, barci ya ƙaurace, tunani ya yi yawa, wani abu na yawo a jiki. Don haka ta barci da cin abinci ake shiga, a bar zuciya sai an saba. Ta san kuma idan uwar miji na tsaye a bakin ƙofa, amsar duk da aka samu ta uwar miji ce.

Sai a zo tambaya ta tara, wadda ke tambaya ko tunanin gara mutuwa ko na cutar da kai ya taɓa zuwa. Matar ta yi shiru, ta gyara majanyi, ta dubi ƙasa, ta ce, "Wani lokacin." A nan ake gane wanda aka horar. Kuskuren da aka fi yi guda uku ne. Ɗaliba ta firgita ta tsallake zuwa wata magana. Ko ta yi saurin cewa haramun ne, ki yi istigfari, matar kuwa ta riga ta san haramun ne, shi ya sa ta daɗe tana ɓoyewa, daga nan ta rufe baki ke nan. Ko ta yi alkawarin ba za ta faɗa wa kowa ba, alkawarin da ba ta da ikon riƙewa. Abin da ya kamata shi ne ta gode mata da ta faɗa, ta tambaye ta kai tsaye cikin taushin murya ko ta taɓa gwadawa kuma ko akwai abin da ta shirya, ta gaya mata dole a shigo da babba cikin maganar, kada ta bar ta ita kaɗai, a kira ƙwararren da ke duba aikin ɗalibar kafin matar ta bar asibiti. Nasiha ta addini tana da gurbinta, kuma tana da ƙarfi, amma bayan an tsare rai. A tuna kuma sashe na 231 na kundin Penal Code ya daɗe yana ɗaukar yunƙurin kashe kai a matsayin laifi, abin da ke ƙara sa iyalai ɓoyewa. Ɗalibi zai iya haddace duk wannan ya ci jarrabawa, amma ranar da ya ji kalmar daga bakin mutum, jikinsa zai yi sanyi. Gara ranar ta same shi akwai babba a ɗaki na gaba.

Haka gwajin MMSE na auna mantuwa, mai maki 30. Yana tambayar kwanan wata, yana sa a riƙa cire 7 daga 100, a karanta umarni, a rubuta jimla. Dattijon da ke lissafi da watan Musulunci, yake rubutu da ajami, bai taɓa shiga makarantar boko ba, zai faɗi ƙasa da 24, makin da ake fara zargin ciwon mantuwa, alhali hankalinsa garau, har lissafin gadon unguwa shi ake kira. Ɗalibin da ba a nuna wa wannan ba zai rubuta masa ciwon da ba shi da shi.

Ziyarar gida kuwa, wadda ita ce ƙashin bayan aikin walwala, tana da ladubban da babu littafin da aka rubuta a Landan ko Amurka da zai koyar. Ana sanar da mai unguwa. Ana tafiya mutum biyu. Namiji iyakarsa zaure a gidan da ba a shiga, don haka idan maganar ta mace ce ko ta yarinya, tun daga ofis ake haɗa tafiyar da mace. Ana neman iznin maigida ko da shi ake zargi da sakaci, domin idan aka tsallake shi, matar ce za ta ɗanɗana bayan an tafi. Ido na aiki baki na gaisuwa: mutum nawa ke kwana a ɗaki, an hura wuta yau ko murhu a sanyaye yake, ina ake ajiye maganin mara lafiya, saura ƙwaya nawa a ciki idan aka kwatanta da ranar da aka karɓo, wa yaro ke gudu wurinsa idan ya ga baƙo. Ba a ɗaukar hoto. Ba a alkawarin kuɗi, kuma tun a bakin ƙofa ake fayyace cewa ba rajistar tallafi aka zo yi ba, in ba haka ba kafin a fito rabin layin ya taru da katin shaida. Da aka dawo, rahoto sai ya raba abu uku: abin da aka gani, abin da aka faɗa da wanda ya faɗa, da abin da jami'i ke zato. Sabon ɗalibi yakan cakuɗa su, ya rubuta "uwar ba ta kula da yaron", alhali abin da ya gani kawai yaro ne ba wanka da hantsi a gidan da ake sayen ruwa jarka-jarka. Irin wannan jimla idan ta isa kotu tana iya raba uwa da ɗanta.

Ɗalibin ma yana samun nasa rabon. Yana gane tun da wuri ko zai iya aikin ko ya nufi bincike ko koyarwa. Yana fita da wanda zai rubuta masa shaida bisa sani, a kasuwar da ƙungiyoyin agaji ke fara tambayar gogewa kafin sakamako. Binciken kammala karatunsa ma sai ya fito daga matsalar da ya gani da idonsa, maimakon raba wa 'yan ajinsu takardar tambayoyi a ɗakin kwana.

Ranka ya daɗe, ga inda abin ke lalacewa.

Na farko, neman gurbi an bar wa ɗalibi. A ba shi wasiƙa mai taken "ga duk wanda abin ya shafa", ya shiga gari. Mai uwa a gindin murhu ya samu asibitin koyarwa, marar gata ya ƙare a ofishin da babu ko mutum ɗaya mai horon fannin, inda za a ce masa ya zo ranar Litinin kawai, ko a mayar da shi ɗan aike da mai buga takardu. Manyan asibitocin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna da Kware a Sakkwato da Maiduguri da Dawanau a Kano su kuma kowa can yake so, sai ɗalibai su yi cincirindo a bayan likita lokacin zagayen ɗaki, na baya ba ya jin abin da ake faɗa, mara lafiya kuma ya zama abin kallo.

Na biyu, kuma shi ne uwa uba, babu duba aiki. Zama a wurin aiki ba shi ne horo ba. Horo shi ne ƙwararre ya ga ɗalibi yana hira da mutum, bayan an fito ya zaunar da shi ya ce, a nan ka katse ta, a nan ka sa masa amsa a baki, me ya sa ka yi dariya da ya ambaci aljanu? Idan babu wannan, ɗalibi zai maimaita kuskure ɗaya har wata uku, ya fito yana ganin ya ƙware. Jami'in da aka ɗora wa ɗalibai yawanci shi kaɗai ne a sashensa, ga marasa galihu da ake neman a yafe wa kuɗin magani, ga mara lafiyar da dangi suka gudu suka bari ana neman garinsu, sannan a ƙara masa ɗalibai goma sha biyar ba tare da an tambaye shi ba, ba a horar da shi kan duba ɗalibi ba, ba ko sisi. Malamin jami'a da ya kamata ya kai ziyara ba a ba shi kuɗin mota ba, ɗalibansa kuma sun warwatsu a jihohi huɗu, sai ya buga waya, ko ya ce a kawo masa logbuk, littafin da ɗalibi ke rubuta aikinsa na kullum, ofis. Shi kuwa logbuk kowa ya san yadda ake cika shi: daren da za a miƙa, a zauna da biro biyu masu launi daban don kada a gane, a rubuta "na lura da yadda ake ba da shawara" sau arba'in, a kai wa wanda ke da hatimi. Makin da aka bayar a kan wannan littafi makin iya rubutu ne. Ba ma ɗora laifin a kan ɗalibin, tsarin ne ya nuna masa hatimi ake nema.

Na uku, lokaci ya yi kaɗan kuma a gutsuttsure. Mako biyun farko ɗalibi bai ma gama sanin ƙofofi ba. Mai fama da shaye-shaye ba ya faɗin gaskiyar abin da yake sha a zama na farko, tsarin PM+ na taimaka wa masu damuwa ta hanyar tattaunawa, na Hukumar Lafiya ta Duniya ma, da aka yi shi a taƙaice, zama biyar ne mako-mako. Wanda ya yi mako huɗu ya ga buɗe fayil ne kawai, bai ga bibiya ba, bai ga mutum ya koma ruwa ba, bai koyi yadda ake sallama da wanda ya saba da shi ba. A Amurka mafi ƙarancin horon fage ga mai digirin farko na aikin walwala awa 400 ne, a Ingila kuma kwana 200 ne, 170 daga ciki a wurin aiki. Ba mu ce a kwaikwayo su ido rufe ba, amma ba za a ce matsalolinmu sun fi nasu sauƙi ba. Idan kuma yajin aiki ya ci zango, horon fage ne farkon abin da ake yankewa.

Na huɗu, ba a shata wa ɗalibi iyaka. Inda ma'aikata suka yi ƙaranci, da an ga yaro mai hazaƙa sai a sakar masa ɗaki. Ya sa farar riga, a fara kiransa likita, ya ji daɗi bai gyara ba. Daga nan sai ka ji ya gaya wa uwa ɗanta na da ciwo kaza, ko ya ce wa mai shan maganin farfaɗiya ko na taɓin hankali ya ɗan dakata tunda ya samu sauƙi, abin da kan dawo da ciwon da ƙarfi. Ɗan digirin farko ba ya yanke sunan ciwo, ba ya taɓa maganar magani, ba ya zaman jinya shi kaɗai, ba ya tono labarin fyaɗe daga bakin yarinya don ya cika rahoto, domin kowane maimaici sabon rauni ne. Ga kuma sirri. Hoton fayil na yawo a zauren WhatsApp na aji, hoton marayu na hawa Facebook da sunan tausayi, rahoto na isa sashe da cikakken suna da unguwa. A garin da kowa ya san kowa, labarin cewa wance ta kwanta a asibitin ƙwaƙwalwa ya isa ya fasa aurenta da na ƙannenta. Dokar kare bayanai ta 2023 ta sa bayanin lafiya cikin masu buƙatar tsaro na musamman, amma ɗalibai da yawa na fita fage ba su sa hannu a ko takarda ɗaya ta riƙe amana ba.

Na biyar, kuɗi. Tsarin SIWES na tura ɗalibai horon sanin makamar aiki, wanda ITF ta fara a 1973, an gina shi ne da masana'antu da ɗakunan gwaji a zuciya, har fom ɗinsa ma na zanen inji ne. Shekara da shekaru alawus ɗinsa naira 2,500 ne a wata, ga wanda ya samu. Tun bayan cire tallafin mai a Mayun 2023 wannan ba ya kai ɗalibi kuɗin Keke Napep na mako guda. Sakamakon a fili yake: ɗan talaka na zaɓar wurin da zai iya zuwa a ƙafa, ba wurin da zai koyi aiki ba, ko ya riƙa zuwa sau biyu a mako ya cike sauran a logbuk. Su ne kuwa yaran da suka fi sanin unguwannin da aikin ke ciki, suke jin Hausa da Kanuri da Fulatanci.

Na ƙarshe, lafiyar ɗalibin kansa. Ba a koya masa ya zauna kusa da ƙofa idan mara lafiya ya harzuƙa, ko ya rage murya ya ja da baya maimakon ya yi gardama. Ɗalibar da makinta ke hannun mutum ɗaya mai sa hannu ba ta da wurin kai ƙara idan ya nemi ya ci zarafinta. Wanda ya yini yana sauraron 'yan gudun hijira suna ba da labarin yadda aka kashe nasu yakan koma gida ya kasa barci, ya riƙa firgita, babu mai tambayarsa. Wasu daga nan suke barin fannin har abada.

Saboda haka muna roƙon hukumarku ta mayar da horon fage sharaɗin tantance kowane sashe na waɗannan fannoni, kamar yadda ake duba ɗakin karatu da yawan malamai. Shawararmu ita ce awa 400 mafi ƙaranci, kashi biyu: awa 100 na kallo da lura a aji biyu, yini ɗaya a mako tsawon zango, sannan awa 300 a jere a aji uku, wato mako 12, kwana biyar a mako, awa biyar a rana, a wuri guda. Kafin fita a yi mako biyu na shiri a sashe, inda za a yi gwajin hira tsakanin ɗalibai, a koyi taimakon farko na kwantar da hankali bisa jagorar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2011, mai matakai uku na duba, saurara, haɗa da taimako, a koyi matakin da ake ɗauka idan an ji maganar kashe kai ko cin zarafin yaro, kowa kuma ya sa hannu a takardar riƙe sirri. A gwada takardun tambayoyi da harshen da za a yi aiki da shi, da fassara ɗaya da aka amince da ita, kada kowa ya riƙa fassara tasa a gaban mara lafiya.

Awannin nan ba su da amfani idan babu mai dubawa, don haka a nan muka fi matsawa. Kowane ɗalibi ya samu mai duba aiki da aka rubuta sunansa, mai horon fannin, wanda ba a ba shi fiye da ɗalibai biyar ba. Su zauna awa ɗaya kowane mako, a rubuta ranar da abin da aka tattauna. Ya kalli ɗalibin yana hira da mutum, da yardar mutumin, aƙalla sau uku. Malamin jami'a ya je da ƙafarsa sau biyu, wajen mako na uku don a gyara abin da ya karkace tun da sauran lokaci, da wajen mako na tara. A raba maki yadda hatimi ba zai wadatar ba: 40 ga abin da mai dubawa ya gani da idonsa, 30 ga rahoton mutum ɗaya da aka bi daga farko zuwa ƙarshe aka ɓoye sunansa, 20 ga kare rahoton da baki a gaban malamai, 10 kacal ga logbuk. Wanda ya tona sirrin mara lafiya ya maimaita horon, komai kyan sauran makinsa. Masu tantancewa idan sun zo, su zaɓi ɗalibai biyar da kansu, su kira wuraren da suka yi horo.

Neman gurbi ya koma wuyan sashe, da yarjejeniya a rubuce da kowace cibiya, mai fayyace yawan ɗaliban da za ta iya ɗauka, da abin da aka yarda su yi da wanda aka hana, da wanda ɗalibi zai kira a jami'a idan an ci zarafinsa, mutumin da ba shi ke ba shi maki ba. Gurabe kuma ba su ƙare a manyan asibitoci ba. Akwai cibiyoyin yoyon fitsari irin na Babbar Ruga a Katsina, inda mata ke buƙatar mai shirya komawarsu gida bayan tiyata. Akwai sassan ba da shawara na NDLEA, da gidan horon matasa na Kakuri, da ofisoshin walwala na ƙananan hukumomi, da makarantun masu buƙata ta musamman, da cibiyoyin karɓar waɗanda aka yi wa fyaɗe, da asibitocin matakin farko da ke aiki da tsarin mhGAP na kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a ƙananan asibitoci. Tun 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya nuna a Aro ta Abeokuta cewa ana iya jinyar masu taɓin hankali a cikin ƙauye tare da danginsu, har da haɗa kai da masu maganin gargajiya. Ɗalibinmu ma zai yi aiki ne da iyalin da suka fara zuwa wurin mai ruƙiyya kafin asibiti, gara ya koyi magana da su ba da raini ba tun yana ɗalibi. Inda ba a samu ƙwararre a cibiya ba, malamin sashe ya zama shi ne mai dubawa, a lissafa masa wannan cikin nauyin koyarwarsa da ƙarin girmansa. Kuma kada a bar sashe ya ɗauki ɗalibai fiye da guraben horon da zai iya nunawa a takarda.

Ga ITF, muna roƙon a tabbatar da ɗaliban fannonin biyu a cikin SIWES a duk jami'o'i, a yi musu fom da ya dace da aikinsu, a sake duba alawus daidai da kuɗin mota na yau, a kuma biya shi lokacin da ake horon, ba bayan an gama bautar ƙasa ba. Ga TETFund, yadda take tallafa wa duba ɗaliban koyon aikin malanta a kwalejojin ilimi, muna roƙon ta buɗe irin wannan layi don kuɗin ziyarar malamai da horar da masu duba aiki na kwana uku a shekara. Ƙungiyoyin ma'aikatan walwala na NASoW da AMSWON, da ta masana halayya masu duba marasa lafiya, NACP, suna da mutanen da za su iya wannan horarwa idan aka gayyace su.

Muna roƙon a fitar da takardar umarni ga jami'o'i kafin rukuni na gaba ya fita fage, ko da a fara da abu uku da ba sa cin kuɗi: sunan mai duba aiki ga kowane ɗalibi, takardar riƙe sirri, da jerin abubuwan da aka hana ɗalibi yi shi kaɗai. A shirye muke mu kawo samfurin yarjejeniya da fom ɗin duba aiki da ma'aunin maki duk ranar da kuka kira mu.

Allah ya taimake ku, ya sa ku gama lafiya.

Wassalam.

Naku cikin girmamawa,
Wasu malaman saikoloji da aikin walwalar jama'a, da jami'an da ke karɓar ɗalibai a fage, daga jihohin Arewa.